Shimfiɗar da Ba Ta Son Guga

Ina rage tsawon wandon wani mutum, fil cike da bakina, sai wayata ta yi ƙara a cikin durowar keken ɗinki. Na duba na ga Auta ce, 'yar ƙawata. Na maƙale wayar a kafaɗa ina ci gaba da aiki, don na zaci saƙon uwarta za ta ba ni.

"Inna," ta ce.

Na amsa ta hanci, saboda fil.

"Inna, Mama ta rasu. Na kai mata shayi na tarar ba ta motsi."

Ban yi ihu ba. Na zare fil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na soke su a matashinsu, sannan na yi salati. Na juya na dubi teburin ƙawar tawa da ke bayana. Dutsen gugarta yana tsaye a kan gindinsa, wayar wutar a naɗe yadda take naɗe ta, tsumman da take riƙe abu mai zafi da shi a ninke. Mai wandon, da yake zaune a benci yana jira, shi ne ya tashi ya kashe fanka, ya ja min ƙofar shagon, ya ce in bar wandon, ba gudu zai yi ba.

A layinmu babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Uwar Kumfa ake ce mata. Mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da mu ne ya laƙaba mata, ranar da tsohon injin wanki ya ɓalle ya riƙa amai da kumfa har bakin titi, ita kuma ta fito da tsintsiya tana kora tana zagin injin kamar ɗan da ta haifa. Ni kuwa ita ce ta sa min Faci, wai duk abin da na taɓa sai na liƙa masa ƙyalle.

Shagonmu dogo ne siriri. Injinan wanki suna can baya, teburin gugarta a tsakiya, kekena a bakin ƙofa inda haske yake. Ita ta wanke ta goge, ni in ɗinke abin da ya yage, in mayar da maɓallin da ya fita. Na same ta a wurin, lokacin mijinta bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'yanta duk ƙanana. Da dutsen gugar nan ta raine su. Mazan sun girma sun yi nisa wajen neman abinci, Auta ce kaɗai ta rage kusa da ita.

Ranar da na fara aiki, kafin ta amsa gaisuwata sai da ta kalli mayafina daga sama har ƙasa.

"A kansa kika kwana?" ta ce.

Na ce a'a.

"To kawo."

Ta goge shi tas, ta miƙo min da ɗuminsa. Haka muka ƙulla.

Mace ce da ba ta iya ganin yamutsi ta kau da kai. Tsumman goge tebur ma sai ta bi shi da dutse. Idan muna hira da mai kaya, za ka ga hannunta ya tafi da kansa ya gyara masa wuyan riga. Kafin ta jefa kaya a inji sai ta laluba kowane aljihu. Abin da ta samu ta ƙulle a 'yar leda ta maƙala wa mai shi. Wanda aka ce ba a so, ko ba a san mai shi ba, irin su maɓalli, tsohon makulli, murfin kwalba, ƙugiyar jaka, sai ta jefa a wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin teburinta. Na sha ce mata ta zubar.

"Ke ma ai ban zubar da ke ba," take cewa.

Hannayenta kuwa sabulu da maganin cire tabo da zafin ƙarfe sun gama da su. Fatar ta yi kauri kamar tafin ƙafa. Takan ɗauki kofin shayin da ni ba na iya taɓawa. Akwai ranar da allurata ta soke ta a yatsa, ba ta sani ba sai da ta ga jini a kan farar riga, kuma rigar ta yi wa kuka, ba yatsan ba.

Auta ta auri wani direban bas, mutumin kirki, sai dai yana fita da sassafe ya dawo a gajiye. Suka zauna tare da uwarta a ɗakuna biyu a saman bene. Da Auta ta haihu, yaron ya zo bakwaini, ya daɗe a asibiti. Bayan an sallame su aka gano idanunsa ba sa gani, sai dai ya bambance haske da duhu. Kakarsa ta riƙa kiransa Angona. Ni kuma Dunƙule nake ce masa, saboda hannayensa kullum a dunƙule suke a kan ƙirjinsa.

Wannan dunƙulewar ita ce damuwarmu. Ya wuce shekara ɗaya da rabi, amma inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka same shi. Ba ya miƙa hannu ga komai. Idan ka buɗe masa yatsu ka sa masa abu, sai ya tsandara kuka ya janye kamar ka ɗora masa garwashi. 'Yan'uwan ubansa sun sayo masa motocin roba da 'yar ƙararrawa, duk suna jibge a kwali. Wata ma'aikaciya a asibitin yara, mace mai haƙuri, ta zaunar da Auta da uwarta ta ce yaro irin wannan da hannu zai san duniya, in bai miƙa hannu ba ba zai yi rarrafe ba, don bai san akwai abin da zai je ya tarar ba. Ta ce kada a tilasta masa, a kewaye shi da abubuwa iri-iri, masu taushi da masu kaushi da masu ƙara, har ya nema da kansa. Ta kuma ce ba sai an saya ba, abin da ke gida ya isa, amma duk abin da ya iya wucewa ta cikin kwalin da ake naɗe takardar bayan gida a kansa, to ya yi ƙanƙanta, zai iya haɗiye shi.

Washegari Kumfa ta shigo shago ta dire min wani tsohon zanen gado da mai shi ya ce a yi tsumma da shi.

"Faci, yau sunanki zai yi amfani. Shimfiɗa za mu yi wa angona."

Muka zazzage buhun guntayen ƙyallena. Ni tela ce, da ido nake aiki, sai na shiga zaɓen launi: ja kusa da rawaya, shuɗi kusa da fari, na yanka su daidai wa daida, na jera, na yi musu baki da kore. Ita kuma da na gama ta karɓa ta wanke, ta sa sitaci, ta goge gaba da baya har yana ɗaukar ido. Masu kawo kaya suka yi ta yabawa. Wata ma ta ce in yi mata irinsa na kan kujera. Mu biyu muka hau benen nan da shi a ninke kamar za mu kai wa wani babba kyauta.

Aka shimfiɗa, aka ɗora yaron. Ya kwanta a kai kamar yadda yake kwanciya a kan kowane gado, hannu a ƙirji. Kumfa ta durƙusa tana ce masa, "Angona, ga ja nan, ga shuɗi." Tana rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Ta shafa shimfiɗar daga wannan gefe zuwa wancan. Sumul take, babu inda yatsa zai tsaya. Auta ta yi godiya ta ɗauki ɗanta. A kan matakala muna saukowa Kumfa ta ce, "Tsofaffin banza biyu. Mun yi wa kanmu abin kallo."

Abin da ya buɗe mana ido ya faru ne a shago. Wata rana Auta za ta je karɓo magani, ta bar mana yaron na ɗan lokaci. Babu wurin kwantar da shi, sai Kumfa ta sa shi a babban kwandon busassun kayan da ba a goge ba, ta jawo kwandon kusa da ƙafarta. Muna cikin aiki na ji wata 'yar ƙara, ƙaras. Can kuma, ƙaras. Na ce ko ɓera ne. Kumfa ta ɗaga min hannu in yi shiru, ta ajiye dutse.

A cikin kayan akwai rigar aikin wani makanike, da ledar alewa a aljihun da ta kuɓuce wa lalubenta. Diddigen yaron ne ya faɗa a kai. Muka ga ya tsaya cak, ya karkatar da kai yana saurare. Ya sake bugawa da ƙafa. Ƙaras. Sai ya buɗe baki ya yi wata 'yar dariya wadda ban taɓa ji daga gare shi ba. Daga nan ya shiga shafa tafin ƙafarsa a kan zif ɗin rigar, ya koma kan wani tawul, ya dawo kan ledar. Hannayen suna nan a dunƙule, amma ƙafafun kamar ba nasa ba.

Kumfa ta zauna a ƙasa daɓas. Hawaye suna zuba amma tana raɗa min, "Ke Faci, dubi munafuki. Ashe da ƙafa yake yawo, mu muna gadin hannu."

Na ce, "Kuma a cikin kayan da ba ki goge ba."

"Ki rufe min baki," ta ce.

Ranar nan gwangwanin madara ya fito. Muka nemo kwalin takardar bayan gida muka ajiye a kan tebur, duk abin da ya zurma ta cikinsa aka mayar da shi gwangwani, ko aka ce sai dai a ɗinke shi a cikin wani abu. Tsohon tawul mai kauri muka ninka biyu ya zama gindi. A kansa na ɗinka aljihun da muka cire daga wani yagaggen wando, muka cusa leda a ciki na rufe bakin da ɗinki. Sai dogon zif na tsohuwar jaka. Sai sabon soson wanke-wanke, ɓangaren kaushi a sama. Sai ragar da ake sayar da lemo a ciki, an cusa mata tsumma. Manyan murafen kwalba mai gyaran takalmi ya huda mana da basillarsa, ya ba mu zarensa mai kakin zuma muka ɗaure su a jere. Wata 'yar gorar ruwa muka zuba mata busasshen wake, aka liƙe murfin da gam, aka zura ta cikin safa aka ɗinke. Tsofaffin makullai kuma suka shiga wata safar.

Wannan karon ta hana ni zaɓe da ido. Sai mun rufe ido mun taɓa. Ita kuwa hannunta ba ya gaya mata komai, don haka kowane abu sai ta goga shi a kumatunta, ko a leɓenta, ko a cikin wuyan hannunta inda fatar take da sauran rai. In ya yi mata kaifi ta ce in rage. Mai shagon, wanda muke yi wa aiki, ya shigo wata rana ya tarar da mu idanu a rufe, ni ina shafa raga, ita tana goga soso a fuska. Ya tsaya ya ce, "Lafiya dai, iyayena?"

"Kwalliya muke yi," ta ce, ba ta ko buɗe ido ba. "Kai ma kana so?"

Duk abin da na ɗinka sai ta kama da haƙori ta ja. In ya motsa ta ce, "Wannan ɗinkin kuɗi ne, ki yi min na jika." Da muka gama ta jefa shi a inji ya sha juyi, don ta ga ko wani abu zai fita. Babu abin da ya fita. Ta shanya ya bushe.

Na fita sayo zare. Ina dawowa tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin roba. Na tarar da ita a tsaye, dutse a hannu, shimfiɗar a kan tebur. Hannunta ne ya riga kanta. Ta ga abu ya bushe a yamutse, ta jawo shi ta ɗora masa dutse, ledar cikin aljihun ta narke ta zama kamar ƙashi, ragar lemon ta manne a ƙasan dutsen.

"Kumfa! Me kika yi?"

"Wallahi ban san lokacin da na yi ba." Ta kalli dutsen kamar shi ne ya yaudare ta. "Tunda nake ban taɓa ƙona kayan mutum ba, sai na angona."

Na yi dariya har na riƙe tebur. Ita ma daga baya ta yi, tana goge ido da gefen zane. Muka farke aljihun muka sake sabo. Daga ranar, duk sa'ad da aka wanke shimfiɗar, a ƙarƙashin kekena nake ɓoye ta har ta tashi tafiya gida.

Yaron ya karɓe ta, amma da ƙafa. Za a kwantar da shi, ya yi ta buga aljihun leda, ya ture gorar wake ta yi kacau, ya ja yatsun ƙafa a kan zif. Ya san inda kowane abu yake. Hannu dai shiru.

Sai Kumfa ta zo da dabara. Tunda aljihun ledar ya fi so, ta ce in riƙa farke shi ina matsar da shi sama kaɗan-kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, duk bayan 'yan kwanaki. Daga wajen diddige ya koma wajen gwiwa. Yaron ya lanƙwasa ƙafa ya same shi. Ya koma wajen ƙugu. Ya karkace ya same shi da gwiwa. Tawul ɗin nan ya sha huji har na yi masa faci a baya. Da aljihun ya kai gefen haƙarƙarinsa, inda ƙafa ba ta kaiwa, sai ya yi ta shure-shure yana kuka, yana neman abinsa a inda ya saba.

A nan ne Kumfa suka yi faɗa da 'yarta, a gabana. Auta ta ɗauke yaron ta ce, "Mama, don Allah ki bar shi haka. Abu ɗaya ya samu a duniya da yake sa shi dariya, shi ma kin ɗauke."

"Ban ɗauke ba, yana nan kusa da shi."

"Bai sani ba! Ke kina cewa zai yi, zai yi, ki tafi shago. Ni ce nake wuni da shi ina kallon hannun nan. Na gaji da sa rai, Mama."

Kumfa ta dubi 'yarta. Can ta ce, "Gaskiyarki, 'yar nan. Kawo shi ki je ki kwanta." Ta karɓi yaron ta rungume. Da Auta ta shiga ciki sai ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Mayar masa da shi wajen ƙugu. Na yi gaggawa."

Ta san dalilin gaggawarta, ni ma na sani. A lokacin numfashinta ya fara yi mata wuya. Ƙafafunta suna kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tururin guga yana sa ta tari. Likita ya ce zuciya ce, ya ba ta magani, ya ce ta rage tsayuwa. Ta koma zuwa rabin wuni, tana guga a zaune a kan doguwar kujera tana mita wai guga a zaune kamar cin abinci a kwance ne. Matakalar gidansu sai ta huta a tsakiya. Wata rana a wurin hutun nan ta ce min, "Ba mutuwar nake tsoro ba, Faci. In na tafi yarinyar nan za ta yi ta ɗaukarsa a hannu har ya fi ƙarfinta. So nake in ga ya nemi abu da kansa, ko sau ɗaya."

Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce to, ta daina, in ba ta hannu ta tashi.

Muka bi a hankali. Da aljihun ya sake hawa, sai ta riƙa murza shi da yatsanta ya yi ƙara, ta janye, ta yi shiru. Ba ta taɓa hannunsa. Haka za ta zauna a gefensa da yamma, ta murza, ta jira. Rannan ya gaji da jira ya kai wa wurin duka da dunƙulallen hannu. Ƙaras. Auta ce ta kira ni a waya tana dariya tana kuka, ta ce ya yi dambe da aljihu.

Amma ya tsaya a damben. Dunƙulallen hannu ya ishe shi ya sa leda ta yi ƙara, to me zai sa ya buɗe? Kumfa ta yi kwanaki tana juya abin a ranta, har ta ce in ɗinka safar makullai a cikin wani aljihu mai zurfi, bakin safar kaɗai ya leƙo. In ka doke ta, ƙarar a toshe take fita. Sai ka kama ka ja sannan makullan su yi kuka sosai. Ta ja masa ya ji, ta mayar. Ta sake ja, ta mayar. Ya doka, ya doka, ya yi fushi. Sannan muka ga babban yatsa ya rabu da 'yan'uwansa, manuni ya biyo shi, ya tsunkuli bakin safar. Ina wurin. Da makullan suka yi ƙara shi kansa sai da ya firgita, sannan ya sake ja.

Bayan wannan Kumfa ba ta ƙara zuwa shago ba, jikin ya ƙi. Ni nake biyawa in na rufe. Yaron ya buɗe hannu, amma a kan shimfiɗarsa kaɗai. Ya san zif, ya san murafe, ya san soso. In hannunsa ya kai bakin tawul ya taɓa siminti, sai ya janye ya koma tsakiya. Kumfa takan ce mun gina masa gida mai kyau ya ƙi leƙa waje.

Ranar da na gan ta ta ƙarshe na je da yamma, rana ba ta faɗi ba. Tun daga matakala nake jin muryarta. Na tarar da ita a kan kujera, ƙafafu a kan matashi, ta riƙe wani faranti da fasassun tangaran a ciki.

"Faci, zo ki ga ɓarna. Zo ki ga abin da ɗan banzan nan ya yi min."

"Wa?"

"Wa kuwa? Angona mana. Kofina na tangaran, wanda ko surukina ban yarda ya sha ruwa da shi ba."

Auta ta leƙo daga wajen girki tana murmushi. Ita ta ba ni labari. Uwar ta ajiye kofin a kan ɗan tebur, cokali a ciki, barci ya ɗauke ta. Yaron yana kan shimfiɗarsa. Da ma ya ji ƙarar cokalin lokacin da take juyawa. Sai ya mirgina, ya ja ciki ya sauka daga kan tawul, ya bi siminti har ya taɓa ƙafar tebur, ya laluba ya kama gefen ƙyallen da ke kai, ya ja. Ƙarar fashewar ce ta tashe ta. Ta buɗe ido ta gan shi a gindin tebur, ƙyalle a hannu, yana jijjiga shi ko zai sake yin ƙara. Allah ya sa shayin ya huce, kuma babu abin da ya taɓa shi.

"Babu wanda ya ajiye masa," Kumfa ta ce. "Kin ji? Babu wanda ya murza masa. Shi ya je."

Na ɗauki yaron. Nan take ya kama min hanci, ya bi ya damƙi ɗan kunnena ya ja har na yi ƙara.

"Yawwa, ja da kyau," kakar ta ce. "Ita ce ta yi maka ja da shuɗi."

Ta hana Auta zubar da fasassun, wai sai uban ya dawo ya gani. Muka zauna tana lissafa abin da za a ɗaga sama: magungunanta, ashana, wayar fanka, bokitin ruwa. Tana magana tana tsayawa ta ja numfashi, amma fuskarta ta yi haske yadda na daɗe ban gani ba. Da na miƙe zan tafi ta dage sai ta raka ni bakin ƙofa. Ta dafa bango ta taso.

"Gobe ki zo da guduma da ƙusa," ta ce. "Katako za mu kafa a bangon nan. Yanzu babu abin da zai zauna a ƙasa."

"Ni tela ce, ba kafinta ba."

"To ki zo da bakinki, shi ma yana huda bango."

"Ke dai ki koma ki kwanta ki huta."

"Wane hutu? Ɓarawo gare ni a ɗaki."

Na yi dariya na fara sauka. Na ce, "Sai gobe, Kumfa."

"Allah ya kai mu," ta ce. "Ki riƙe ƙarfen bene da kyau, Faci, matakalar ƙasan nan ta fashe."